"No creo que viene" ko "venga"? Wannan subjuntivo ya hana ni sakat

Ɗan_Almeriya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya ce gare ni ga waɗanda suka riga ni shiga Sifaniyanci. Shekarata biyu ke nan a yankin Almeriya na ƙasar Sifaniya, ina aiki a gonakin tumatir na rumfar leda, da daddare kuma ina zuwa aji sau biyu a mako. Maganar yau da kullum ba ta gagare ni, ina ciniki, ina zuwa asibiti ni kaɗai. Amma jiya malamarmu ta dawo mini da takardata duk jan biro. Na rubuta "No creo que mi hermano viene mañana", wato ba na jin ɗan uwana zai zo gobe, sai ta soke viene ta rubuta venga. Na tambaye ta dalili, ta ce akwai shakka a ciki, shakka kuma subjuntivo take ɗauka, wato sigar aikatau irin ta venga. To a layin sama na rubuta "Creo que viene", ba ta taɓa shi ba. Ni a ganina wanda ya ce "ina jin zai zo" shi ma ai bai tabbatar ba. Me ya sa wannan shakkar ta tsira, waccan kuma sai an juya mata wasali? Na fara zargin babu wata ƙa'ida a ciki, hadda ce kawai aka lulluɓe da suna.

Bazazzagi_04:
Wa alaikumus salam. Barka da shiga ramin da muke ciki. Ni wata na uku ina fama da shi a manhajar waya, kullum sai ta nuna mini ja. Na kafa kujera ina jiran malamai.

Malama_Ummu_Sadik:
Ƙanena, kwantar da hankalinka, ƙa'idar na nan, sai dai kalmar "shakka" da ake gaya wa ɗalibai ita ce ke ɓatar da su. Bar tambayar kanka ko mai magana ya tabbatar ko bai tabbatar ba. Tambayi kanka: shin ya aje maganar a gabanka a matsayin abin da yake faɗi, ko kuwa ya ambace ta ne kawai ba tare da ya tsaya a kanta ba? Wanda ya ce "Creo que viene" ya faɗi ra'ayinsa, ya sa hannu, ko da hannun na rawa. In ɗan uwan bai zo ba kana iya ce masa "ai kai ka ce zai zo". Wanda ya ce "No creo que venga" bai taɓa faɗin "zai zo" ba, ya ɗauko zancen ne don ya nisanta kansa da shi. Shi ya sa aikatau ya sauya kama. Ga abin da zai tabbatar maka: matsar da "no" ɗin zuwa ciki, ka ce "Creo que no viene". Ma'anar kusan ɗaya ce da jimlarka, amma ga indicativo, sigar ba da labari irin ta viene, ya dawo, domin yanzu kana faɗin wani abu, wato ba zai zo ba.

Damagaram77:
Malama ta gama magana. Mu da muka yi lakwal da Faransanci abin bai zo mana baƙo ba, ai "je ne crois pas qu'il vienne" ne. Duk inda Faransanci ya sa subjonctif, ka sa subjuntivo, ka huta.

Likita_Habana:
Malam Damagaram, kar ka jefa yaro a rijiya. Wannan shawarar ta kai ni ƙasa ba sau ɗaya ba. Ni ma da Faransanci na je Kyuba karatun likita, kuma wurare biyu suka fi wahalar da mu 'yan Faransanci a shekarar koyon harshe. Na farko fata: Bafaranshe yana cewa "j'espère que tu vas bien" da indicatif, Basifaniye kuwa sai "espero que estés bien", ina fata kana lafiya, ba estás ba. Na biyu lokaci mai zuwa. Faransanci "quand il viendra", Sifaniyanci "cuando venga", idan ya zo. In ka ce "cuando vendrá" a tsakiyar jimla kowa zai gane daga ina ka fito, sai fa in tambaya kake yi, "¿cuándo vendrá?", wannan daidai ne. Na tuna wani dare a ɗakin masu jinya, babbar nas ta bar ni da wani tsoho da aka yi wa aiki, ta ce "cuando se despierte, me avisas", idan ya farka ka sanar da ni. Na tsaya ina tunanin ina despierta da na haddace ta tafi, wace ce kuma despierte. Daga baya na gane: bai farka ba tukuna, farkawar tana gaba, shi ya sa ba a faɗe ta kamar abin da ya riga ya auku.

Damagaram77:
To na karɓi gyara, Likita. Amma dai rabin hanya Faransanci ya kai mu, kar a hana mu wannan.

Malam_Nahawu:
Ku yi haƙuri in shigo da abin da na fi sani, ni malamin Hausa ne, Sifaniyancina na ɗan koyo ne. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke zuwa Faransa da Ingila neman misali alhali abin yana cikin bakinmu. A nahawun Hausa muna da lokaci umurtau. Dubi bambancin "sun zo" da "su zo", "mun tafi" da "mu tafi", "kin ci" da "ki ci". Na farko labari ne, na biyu ba labari ba ne, so ne ko umurni ko addu'a. Yanzu jera su:
Ina so su zo, "quiero que vengan".
Dole su zo, "es necesario que vengan".
Gara su zo, "es mejor que vengan".
Don su zo, "para que vengan".
Kafin su zo, "antes de que vengan".
Ko hani ma haka yake. Muna cewa "zo!" amma "kada ka zo", su kuma "ven" amma "no vengas". Duka harsunan biyu sun bar sigar umurni sun koma waccan sigar da zarar hani ya shigo. Abin da ke ɓoye mana shi a rubutu shi ne ba ma sa karin sauti, don haka "ka zo" na labari da "ka zo" na umurni kamarsu ɗaya a takarda. A baki kuwa na farko dogo ne yana sama, na biyu gajere yana ƙasa, kuma yaro ɗan shekara uku ba ya rikita su.

Bazazzagi_04:
Kai! Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ashe "Allah ya ƙara" ɗin nan ma da na rubuta subjuntivo ne?

Malam_Nahawu:
Shi ne kuwa. Duk addu'o'inmu a kansa suke tafiya. Su ma haka: "que te mejores", Allah ya ba ka lafiya, "que descanses", a huta gajiya, "que te vaya bien", Allah ya sa a dace. Sun dai cire sunan mai yi, suka bar "que" ita kaɗai tana riƙe da fatar.

Malama_Ummu_Sadik:
Malam_Nahawu, wannan gadar tana da kyau, ni ma da ita nake tsallakar da ɗalibaina. Sai dai a gaya musu inda katakonta ya karye. A ɓangaren so da umurni da addu'a ta yi daidai. A ɓangaren da Ɗan_Almeriya ya yi tambaya kuwa ba ta kai ba, domin Bahaushe cewa yake "ba na jin za su zo", ba ya cewa "ba na jin su zo". Haka "idan sun zo" ba umurtau ba ne, amma "cuando vengan" subjuntivo ne. Sannan akwai tarko: muna cewa "ina so in tafi", mai so da mai tafiya mutum ɗaya, kuma mun yi amfani da umurtau. Sifaniyanci bai yarda ba. In mutum ɗaya ne sai "quiero ir", kamar a ce "ina son tafiya". "Quiero que vaya" na nufin ina so wani ya tafi. Kusan duk Bahaushen da na koyar sai da ya taɓa rubuta "quiero que yo vaya".

Baba_Saragosa:
Yaran nan kuna ta nahawu, bari in ba ku labarin yadda wasali ɗaya ya cinye mini kuɗin yini. Shekarata ta farko a ƙasar nan ina tsinkar 'ya'yan itace a gonakin Leida. Ranar Asabar da yamma muna wanke hannu a bakin famfo, sai shugaban leburori ya wuce a kan tarakta ya ɗaga murya: "Dice el jefe que vengas el domingo." Ni na kama dice, na kama jefe, na kama domingo, na kuma ji wani abu mai kama da zuwa. Na ce a raina to, mai gona ya ce zai zo ran Lahadi, Allah ya kawo shi lafiya, ina ruwana. Na kwana, na tashi na wanke kayana, na dafa shinkafa da wake, na yi barcin rana. Litinin na iske mutum fuska a murtuke. Ashe cewa ya yi in zo. "Dice que viene", ya ce zai zo. "Dice que vengas", ya ce ka zo. Tun ranar ban sake raina wannan wasalin ba. Ɗana na Almeriya, ba hadda ba ce, abinci ne.

Ɗan_Almeriya:
Baba, wallahi na yi dariya har abokin ɗakina ya farka. Allah ya mayar da alheri. Amma Malama, ga wani da ya sake rikita ni. A littafinmu akwai "Me alegro de que estés aquí", na ji daɗi da kake nan. Mutumin ga shi tsaye a gabana, ina ganinsa da idona. Ina shakka a nan? Ina fata?

Malama_Ummu_Sadik:
Babu ko ɗaya, shi ya sa na ce ka aje kalmar shakka. Shin kana ba shi labarin cewa yana nan ne? Ai ya fi ka sani. Abin da kake faɗi shi ne farin cikinka, kasancewarsa nan kuwa ka ambata ne kawai don a san abin da ya faranta maka. Sabon labari yana ɗaukar indicativo, abin da aka ɗora motsin zuciya a kansa yana ɗaukar subjuntivo. Haka "siento que estés enfermo", ban ji daɗi ba da ba ka da lafiya, haka "es una pena que no puedas venir", abin takaici ne da ba za ka iya zuwa ba.

Yar_Gidan_Liman:
Ni tambayata daban ce, ku gafarce ni. Wata maƙwabciyata a nan Balensiya kullum sai ta ce "ojalá". Da na tambaya ta ce ai kalmarku ce ta Musulmi, in sha Allah ce. Gaskiya ne? In haka ne ni ma sai in riƙa amfani da ita in zan yi alkawari.

Ustaz_Agadas:
Hajiya, asalinta Larabci ne, babu musu. Musulmi sun shiga ƙasar a 711, Garnada kuma ba ta faɗi ba sai 1492, kusan ƙarni takwas ke nan, dole harshe ya sha. Ƙamus ɗin hukumar harshensu ya ce daga "law sha Allah" ta fito, wasu masana kuma sun ce "wa sha Allah". A da da "sh" ake furta ta, ana rubuta ta da x, daga baya sautin ya koma maƙogwaro. Mutanen Fotugal har yanzu "oxalá" suke cewa da "sh" ɗin. 'Yan uwanta suna da yawa: aceite daga az-zait, azúcar daga as-sukkar, alcalde daga al-ƙadi, wanda mu muka mayar alƙali su kuma suka mayar magajin gari. Kuma ga masu Larabci, ku tuna "uridu an tazhaba", yadda "an" ke sa fi'ili ya zama mansubi bayan so. Ba abu ɗaya ba ne da subjuntivo, amma ƙamshin ɗaya ne.

Likita_Habana:
Ustaz ya yi daidai a asali, amma Hajiya kar ki yi alkawari da ita. Ma'anar ta zame. Yau "ojalá" ta fi kusa da "da ma" ko "Allah ya sa", kuma wanda bai yarda da Allah ba ma yana faɗinta bai san akwai sunan Allah a ciki ba. In mai gidan haya ya tambaye ki ko za ki biya ran Juma'a kika ce "ojalá", abin da zai ji shi ne "da ma in samu", hankalinsa zai tashi. In sha Allah ta alkawari ita ce "si Dios quiere". Abin dariya kuma, wannan indicativo ce, domin "si", wato idan, ba ta shiga da subjuntivo na yanzu. Ba a cewa "si quiera" ko "si venga".

Bazazzagi_04:
Tsaya Likita. "Cuando venga" daidai, "si venga" kuskure? Alhali "si" ita ce uwar shakka? To Ɗan_Almeriya ya yi gaskiya, hadda ce.

Malama_Ummu_Sadik:
A nan kam ba zan yi maka musu sosai ba. Akwai masu bayanin cewa "si" ta riga ta ɗauki nauyin sharaɗin ita kaɗai, amma ni ina gaya wa ɗalibai su riƙe shi haka kawai. Irinsa ne "quizá venga" da "a lo mejor viene": duka biyun wataƙila ne, amma "a lo mejor" indicativo take bi, "quizá" da "tal vez" kuma suna karɓar kowanne, gwargwadon nauyin zaton mai magana. Kowane harshe yana da irin waɗannan kusurwoyi. Ka tambayi Bahaushe me ya sa yake cewa "kafin su zo" amma "sai sun zo", ka ga ko zai amsa.

Malam_Nahawu:
Malama kin harbe ni da bindigata.

Ustaz_Agadas:
In koma kan ojalá, abin da ya fi burge ni shi ne matakanta uku. "Ojalá llueva", Allah ya sa a yi ruwa, akwai hadari, ana sa rai. "Ojalá lloviera", da ma a ce za a yi ruwa, amma sama tas take. "Ojalá hubiera llovido", da ma an yi ruwa, damina ta riga ta wuce, gero ya bushe. Fata, buri, da-na-sani. Duk wanda ya taso a inda ake duban gabas a watan Yuni ba ya buƙatar a fassara masa bambancin.

Alhaji_Malabo:
Salamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, iyayenmu sun daɗe a nan Ikwatoriyal Gini. Sifaniyanci harshen hukuma ne a nan, ƙasar ta karɓi 'yanci daga Sifaniya a 1968. Ban taɓa zama aji don wannan abin da kuke kira subjuntivo ba, sai yau na ji sunansa. Amma ina cewa "cuando tengas el dinero, ven", in ka samu kuɗin ka zo, sau ashirin a rana. A kasuwa muna gauraya shi da Pichi, wato brokan Turancin nan, da Hausa, ba wanda ke riƙe jan biro. Shawarata ga yaron nan, ya rage littafi ya ƙara kunne.

Kumasi_Zongo_Boy:
Alhaji ranka ya daɗe, kunne ma yana yaudara. Ni a Bilbawo nake, mutanen nan 'yan asalin ƙasa sai ka ji sun ce "si tendría dinero, compraría". Na kwaikwaye su, malami ya soke, ya ce "si tuviera dinero". Na ce ai maƙwabcina haifaffen nan haka yake faɗi, ya ce e, haka ake yi a wannan yankin na arewa, amma ba a rubuta shi a jarrabawa.

Malama_Ummu_Sadik:
Malaminka ya yi gaskiya. "Si tuviera dinero, compraría una casa", da ina da kuɗi da na sayi gida. Lura da "da… da…" ɗinmu, aikinsu ɗaya. Za ka kuma ci karo da "tuviese", ita da "tuviera" duk ɗaya ne a nan, sai dai "tuviese" ta fi fitowa a rubutu, a Latin Amurka kuwa da wuya ka ji ta a baki.

Yar_Gidan_Liman:
Tunda an zo maganar jarrabawa, mai neman takardar zama ɗan ƙasa dole sai ya iya duk wannan?

Baba_Saragosa:
A'a 'yata. Jarrabawar harshe ta DELE matakin A2 ake nema, da jarrabawar CCSE ta sanin tsarin mulki da al'adu, duka a hannun Instituto Cervantes, tun 2015 aka fara. Subjuntivo na sosai a B1 yake fara kama mutum. Amma ki koyi na gaisuwa da na roƙo. Ko "pase" da "siéntese" da ake ce miki a ofis, shigo, zauna, sigar ce dai aka ara don girmamawa.

Lauya_Mai_Jiran_Aiki:
Wanda yake ganin ya sha wuya, ya buɗe kundin hukunta laifuka na Sifaniya, sashe na 138: "El que matare a otro…", wanda duk ya kashe wani. Ba mate ba, ba matara ba, matare. Subjuntivo ne na lokaci mai zuwa, ya mutu a bakin mutane, ya rage a doka da karin magana, kamar "adonde fueres, haz lo que vieres", inda duk ka je, yi abin da ka ga ana yi.

Bazazzagi_04:
Lauya don Allah rufa mana asiri. Ba mu gama da masu rai ba ka tono mana matattu.

Kumasi_Zongo_Boy:
Wani ya taimaka da yadda ake gina shi ma. Ni wurin juya wasalin nake tuntuɓe.

Likita_Habana:
Ɗauki sigar "ni" ta yanzu, cire o, ka musanya wasali. Masu -ar su koma e, masu -er da -ir su koma a. Hablo, hable. Como, coma. Tengo, tenga. Digo, diga. Shi ya sa venga ta fito daga vengo, ba daga viene ba. Shida ne suka ƙi bin layi: sea, esté, vaya, haya, sepa, dé. Waɗannan kam hadda ce, na rubuta su a bayan ƙofar ɗakina har na bar Habana.

Ɗan_Almeriya:
Na dawo daga aji yanzu. Na sake rubuta takardar, na sa venga, na kuma ƙara labarin Baba da sunan "wani dattijo", malama ta yi dariya har ta karanta wa ajin. Maganar Malama Ummu Sadik ta "ya sa hannu ko bai sa ba" ta zauna mini fiye da shakka. Sai dai har yanzu ban janye zargina duka ba, domin "si" da "a lo mejor" ba su amsa kiran ba. Kuma ga sabuwa: a ƙarshen darasi ta rubuta "Aunque llueve, voy" da "Aunque llueva, voy" a allo, wato ko da ruwa zan tafi, ta ce duka daidai ne, mu je mu yi tunanin bambancin kafin Alhamis.

Damagaram77:
Na farko ruwan na sauka yanzu, na biyu ko da za a yi. Ko ba haka ba Malama?

Malam_Nahawu:
Ni kuma na taɓa jin an yi amfani da na biyun alhali ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, mai maganar na nufin "to sai me, ko ana yi zan tafi". Malama sai kin zo.

Bazazzagi_04:
Ɗan_Almeriya, cuando lo sabes ka sanar da mu.

Baba_Saragosa:
Sepas, ɗan nan. Sepas.